Musa Ɗanƙwairo: Daga Gonar Gayya Zuwa Fada

A yammacin Zamfara, tun daga Bakura da Mafara har ka gangaro Anka, Bukkuyum da Gummi, da wuya ka ci kasuwa ta watse ba ka ji muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ba. In ba ta fito daga rumfar masu tura waƙoƙi a waya ba, za ta fito daga rediyon mai shayi. Alhali mutumin ya rasu tun ranar 13 ga Satumba, 1991, shekara 5 kafin a yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato. Akasarin samarin da ke kaɗa kai idan an sa shi ba su riske shi a duniya ba.

An haife shi wajen shekarar 1909 a Ɗankadu ta ƙasar Bakura. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne kafin ya zama makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun. Cikin masu yi wa uban amshi akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da aka ji Musa ya taso da irin muryarsa sai aka laƙaba masa sunan, ya bi shi har kabari.

Masu ba da tarihinsa kan tsallake zamanin kiɗan noma da sauri don su isa fada, kuma a ganina nan suke yin asara. Wanda ya taɓa ganin gayya ya san aikin makaɗi a wurin. Manoma sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kama kunyarsa, rana ta take, makaɗa na biye da su a baya da ganguna. Makaɗi zai kira sunan wanda ya yi gaba, ya ambaci ubansa da kakansa da yawan damman da gidansu ya saba ɗaurewa, sai ka ga mutum ya ƙara duƙawa kamar ba shi ne ya gaji ba. Wanda ya cika miƙewa yana dafa ƙugu kuwa, habaici zai sha a gaban 'yan matan da suka kawo fura. Babu lokacin dogon tunani. Dole magana ta faɗa daidai da saukar fartanya, dole kuma 'yan amshi su cafe ta kafin ta faɗi ƙasa. A wannan makaranta Musa ya koyi zuga, da jero asalin mutum, da sanin inda ake soka zambo ya yi zafi. Da ya shiga fada, waɗannan kayan aikin ya tafi da su. Wanda ake zugawa ne kawai ya canza, daga sarkin noma zuwa sarkin gari.

Bayan rasuwar mahaifinsu, wansa Abdu Kurna ya gaji shugabancin kiɗan gidan, shi kuma Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimaki. Daga bisani ya kafa tasa ƙungiya, ya yi zama a Tsafe yana yi wa 'Yandoto Aliyu waƙa. Abin da ya fitar da sunansa daga ƙasar Sakkwato zuwa Arewa baki ɗaya shi ne waƙoƙin da ya yi wa Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a daidai lokacin da rediyo ke shiga ƙauyuka. Kisan Sardauna a watan Janairun 1966 bai tsayar da shi ba. Ya ci gaba da zagaya fadoji, ya waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero da sarakuna da attajirai masu yawa.

To me ya raba shi da sauran? Ƙasar ba ta rasa gwanaye ba a zamaninsa. Ga Ibrahim Narambaɗa a Isa, wanda har yau ba a kamo shi a zurfin magana ba. Ga Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi. Ga Sa'idu Faru nan kusa da gida. Kotso ma, wannan ɗan ganga mai baki ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa a buga da hannu, ba Ɗanƙwairo kaɗai ke kaɗa shi ba. Inda Ɗanƙwairo ya yi zarra shi ne saƙar muryoyi. Ka saurari kowace waƙa tasa da kunnen basira. Zai ɗauko ɗan waƙa da siririyar muryar nan tasa, kafin ya kai ƙarshe yaransa sun tarbe shi, wani sashe ya ƙara magana a kai, wani ya karɓe, su miƙa wa juna har sau biyu ko uku, sannan duka su sauka a kan gindin waƙa lokaci guda, babu wanda ya riga wani ko da numfashi ne. Wani lokaci jagoran kalma uku kawai zai jefa, sauran aikin na 'yan amshi ne. Wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka shekara da shekaru suna ci a akushi ɗaya, kuma da yawansu 'ya'yansa ne da danginsa.

Abin sha'awa, a can Amurka akwai tsaransa da tarihinsu ya yi kama. Bill Monroe, wanda aka haifa a 1911 a gidan manoma a jihar Kentaki, shi ma siririyar murya gare shi, shi ma a inuwar wansa Charlie ya fara, suka rabu a 1938 ya kafa ƙungiyar da kiɗan bulugiras ya samo suna daga gare ta. Kiɗan mutanen karkara ne, ana yin sa da kayan tsirkiya, ciki har da banjo, wadda asalinta ke komawa ga dangin molo da gurmi da bayi suka tafi da iliminsu daga Afirka ta Yamma. Ƙarfin wannan kiɗa ma a haɗa muryoyi yake, musamman idan suka juya ga waƙoƙin addininsu na coci, inda mutum huɗu ke rera abu ɗaya kowa da matakin muryarsa.

Ɗanƙwairo bai ware wasu waƙoƙi ya ce na addini ne ba, don a ƙasar Hausa wannan fage na masu bege da malamai marubuta ne. Amma addini na cikin jinin waƙarsa. Roƙon Allah da addu'a ga ubangida ba sa yankewa a bakinsa, kuma babban yabon da yake yi wa basarake shi ne ya danganta shi da Shehu Usmanu da mutanensa, ya ce Allah ne ya ba shi, mai ja da shi da ikon Allah yake ja. Wannan yabo ne, ba shakka, har da ɗaure wa mai mulki gindi. Sai dai akwai tunatarwa a ciki ga sarkin da ke da kunne: wanda ya bayar yana iya karɓewa.

'Ya'yansa da jikokinsa sun riƙe kiɗan bayansa, kuma masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihinsa sun nazarci waƙoƙinsa. Inda aka bar baya da ƙura shi ne wajen adana sautin kansa. Abin da ke yawo a wayoyi kwafe ne daga tsofaffin kaset, wani an yanke farkonsa, wani an lafta masa sunan da ba nasa ba, kuma ba a ambaton mutanen da suka yi amshin, alhali rabin daɗin nasu ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau da gwamnatin jiha na iya haɗa kai da gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato a tattara faya-fayan asali, a zauna da iyalinsa a Maradun a rubuta wa aka yi wa kowace waƙa, a wane lokaci, da su wa suka karɓa. Dattawan da za su iya gane waɗannan muryoyi ɗaya bayan ɗaya ba su da yawa yanzu, don haka a hanzarta.