Kafin Ku Sayi Injin Niƙa Na Hannu

A ƙasar Haɗejiya, daga Auyo har Guri da Kirikasamma, Allah ya ba mu fadama mai ba da shinkafa da alkama, ga gero da dawa a tudu. Amma hatsi ba ya zama tuwo sai an niƙa. Saboda haka iyalai da yawa, har da Zumuntar Mata a wasu wurare, sukan tara kuɗin kaka don sayen injin niƙa. Sabo ya fi ƙarfin yawancinmu, sai dai na hannu. Kuɗin nan kuwa gumin shekara ne. In ya nutse, kuɗin makarantar yara ya bi shi.

Cikin Luka sura 14 Ubangijinmu Yesu ya koya mana mu yi lissafi kafin mu soma gini. Bayan kuɗin inji akwai na motar da za ta kawo shi daga Kano, da siminti, da ladan bakanike, da man gas na watan fari.

Injin da ke juya maniƙa akan kira shi Lista, daga sunan kamfanin Lister na Ingila. Kamfanin ya daina ƙera tsohon samfurin nan a 1987, da yawa da muke gani yanzu ƙirar Rajkot ce ta ƙasar Indiya. Ku tabbata ana samun kayan gyaran irin wanda za ku saya, misali a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ku tafi da bakaniken da kuka amince da shi. A tashi injin da sanyinsa a gabanku, gama inji mai zafi yakan ɓoye ciwonsa. In hayaƙinsa shuɗi ne, yana shan baƙin mai ke nan. Ku zuba kwanon dawa ku murza garin, ku duba ko farantan sun cinye. Kada sabon fenti ya ruɗe ku.

Sai maganar kafawa. Mun ga yadda ambaliya ta ci gonaki da gidaje a yankin nan a 2020 da 2022. Ku tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya, ku gina dakalin kankare ya wuce nan. Lakar fadama takan tsage da rani, ta kumbura da damina, don haka a haƙa harsashi da zurfi. A yi ta yayyafa wa kankaren ruwa har mako guda kafin a ɗora inji, in ba haka ba girgiza za ta fasa shi.

Bututun hayaƙi ya fita waje. A yi wa bel shinge, domin yakan fizgi gyale ko babbar riga cikin ƙiftawar ido, yara kuma su tsaya a bakin ƙofa. In an wasa farantai, a fara niƙa dusa a zubar, kada garin ƙarfe ya shiga tuwon mutane.

'Yan'uwa, maƙwabtanmu za su auna bangaskiyarmu a bakin injin nan. Matar da ta kawo kwano biyu ta koma da garinta cif, ba a rage kome a ciki ba. Farashi ɗaya ga Kirista da Musulmi, a kuma tuna da gwauraye da marayu. Ranar Lahadi a rufe, mai inji da yaransa su tafi sujada. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.