Kwikwiyo a tsakar gidanmu: yadda Dogari ya koyi wurin fitsari

Sau biyu ɓarayi suka haura katangar gidanmu a Ekoudou cikin damina ɗaya. Na farko suka ɗauke tukunyar gas, na biyu suka tafi da batirin babur ɗina. Wanda ya san Briqueterie ya san yadda gidajenmu suke manne da juna, lungu cikin lungu, ɓarawo na dira sai ya ɓace. Wani abokin aikina a makaranta ya ce in karɓi kwikwiyo ɗan wata biyu, karyarsu ta haihu. Na karɓa, yara suka sa masa suna Dogari.

Inna ce ta fara tsayawa. "Malam, kare a gidan da ake salla?" Ban yi mata gardama ba, na tafi wajen malamin da nake ɗaukar Risala a gunsa. Ya ce littafin kansa bai yarda a ajiye kare a gidajen gari ba sai don gona ko dabbobi ko farauta, amma masu sharhi sun ruwaito cewa shi mai littafin, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Ya ƙara da abin da ya zame mini aiki: a Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau 7, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne. Sharaɗin Inna kuwa biyu ne: ba zai shiga ɗaki ba, kuma ranar da ta taka ƙazantarsa a inda take shimfiɗa darduma, ranar zai bar gidan.

Makon farko na sha kunya. Da safe na tarar da fitsari kusa da butoci, na kama shi na kai hancinsa wurin, na daka masa tsawa. Kashegari sai ya koma bayan randa ya yi, inda ba a gani. Ni da aka koya wa a kwalejin horon malamai cewa horon da ya zo a makare tsoro kawai yake koyarwa, ga ni ina yi wa ɗan kare abin da ba zan yi wa ɗalibi ba. Kare ba ya haɗa tsawar yanzu da laifin da ya yi awa biyu da suka wuce.

Sai na sake shiri. Kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa biyu, kuma yakan matsu da zarar ya farka, ko ya gama ci, ko ya gama wasa. Na ware masa kusurwa ɗaya can ƙarshen gida kusa da magudanar ruwa, nesa da madafi da wurin alwala, na zuba yashi. Jadawalin bai ba ni wuya ba, lokutan salla na bi: kafin in fita asuba in kai shi, ƙanena ya karɓa da hantsi da azahar ina makaranta, ni in ci gaba daga la'asar har bayan isha'i, da ƙarin fita ɗaya cikin dare. Yana gamawa a wurin, nan take in ce "madalla", in ba shi ɗan guntun nama. Nan take fa, ba sai mun dawo ba. In ka ga yana shinshinar ƙasa yana zagaye wuri ɗaya, ɗauke shi da sauri.

Abu biyu suka taimaka ƙwarai. Na yi masa ɗan ɗaki na katako a bakin zaure, daidai kwanciyarsa da juyawarsa, domin kare ba ya son ɓata makwancinsa. Sannan duk inda ya yi kuskure sai in wanke da sabulu da ruwa mai yawa har warin ya fita, don wari ne ke mayar da shi. Ruwan saman Oktoba ya so ɓata mana lissafi, Dogari ya ƙi fita cikin jiƙa, sai da na kafa tsohon kwano a saman kusurwar.

Da ya cika wata 3 na kai shi wajen likitan dabbobi aka yi masa allurar ciwon hauka, aka ba shi maganin tsutsar ciki. Wannan ba abin wasa ba ne a unguwa mai yara kamar tamu: ciwon in ya bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake tsira. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi Centre Pasteur a ranar. Likitan ya kuma hana ni ba shi ragowar tsiren da muke saya a bakin titi, saboda albasa na cutar da jinin kare.

Yau Dogari na da wata 6, kuma mun yi mako bakwai ba a ga komai a tsakar gida ba. Inna har yanzu ba ta kiran sunansa, "wancan" take cewa. Amma jiya da na makara a taron malamai, na dawo na tarar ta sa jikanta ya kai wancan ɗin kusurwarsa kafin magariba.