Ɗan ƙarfen da ya kwantar da babur ɗin Kawu

In ka taso a Talata Mafara, Bakura ko Maradun, da wuya a ce ba ka san wani zaure da aka jingine tsohon babur a ciki ba. Tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, amma mai shi ya ƙi sayar wa 'yan gwangwan. A gidanmu Honda CD175 ce ta Kawu, wadda ya saya da kuɗin aikin da ya yi lokacin gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Injinta lafiya lau. Abin da ya kwantar da ita wani ɗan ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a cikin kafireta.

Kafireta ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, kuma ma'aunin da ake so shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a nauyi. Fetur ɗin yana bi ta wani ɗan rami a jikin ƙaramin ƙarfen tagulla da makanikai ke kira jet, sannan akwai allura da ke hawa da sauka idan ka murɗa totur. A kafiretar Keihin, irin wadda Honda ke sakawa, lambar da ke jikin jet tana nuna faɗin ramin: 90 na nufin kusan milimita 0.90.

To, ga inda aka yi ɓarnar. Jet ɗin Kawu ya toshe, wani bakanike ya zaro waya daga kebur ɗin birki ya soka masa. Ka ga wannan aikin da idonka, na sani, ƙila ma a babur ɗinka aka yi. Tagulla ba ta da tauri, waya tana cinta. Idan rami ya tashi daga 0.90 ya koma 1.00, ido ba zai gani ba, amma hanyar da mai ke bi ta ƙaru da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Daga nan sai baƙin hayaƙi, fulogi ya riƙa yin baƙi, mai kuma ya riƙa tafiya kamar an huda tanki. Da an jiƙa shi a fetur an hura masa iska, shi ke nan.

An je neman sabo har kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, aka dawo da kafiretar wani babur daban aka ɗaura. Ta tashi, amma wallahi ba ta sake yin daidai ba.

A Ingila irin wannan matsalar sana'a ce. Wani kamfani a garin Salisbury har yau yana ƙera kafiretar Amal saboda masu gyaran tsofaffin Triumph da BSA. Ƙananan masu sana'a kuma suna ɗaure sandar tagulla a injin da ke juya ƙarfe, su sassaƙe ta, su yanka mata zare, su huda ramin da ƙanƙanin bakin huji. Jet ɗin ba shi ne mai wuya ba. Allurar ce ke ba da wahala, domin siririntarta a hankali take tafiya, kuma wadda za ka kwaikwaya ta riga ta cinye. Dole ka auna ta wuri-wuri, ka yi lissafin yadda take tun tana sabuwa. Rabin aikin duk awo ne.

Kar ka ce ina cewa ka bar karatu ka kama ƙera jet ɗin Boxer. Na Boxer da Jincheng suna nan a shago da araha, ba ka isa ka yi gasa da su ba. Kuma masu son tsohuwar basfa ko Suzuki A100 don marmari ba su da yawa a nan, balle yanzu da rashin tsaro ya sa hawa babur zuwa ƙauye ya zama abin tunani. Ka tuna watan Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura, ta hana sayar da mai a jarka.

Amma ka leƙa gonakin rani na yankin Bakolori da fadamun bakin gulbi. Ƙananan injinan ban ruwa masu amfani da fetur duk da kafireta suke aiki, haka janareto, haka yawancin baburan 'yan kabu-kabu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, injin da ke shan mai fiye da ƙima yana cin ribar manomin shinkafa ne kai tsaye, kuma sau da yawa bai san daga ina asarar take ba. Matashin da ya iya auna rami, ya gane cinyayyar allura, ya sassaƙa madadin abin da babu a kasuwa, yana da aikin yi tun daga kaka har bazara.

Wurin koyo bai yi nisa ba. Kwalejin fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin Talata Mafara, ana koyar da injiniyancin kanikanci. A Kaduna kuma akwai kasuwar Panteka, inda maƙera ke ƙera kayan inji, da yawansu a wurin maigida suka koya. Abin da ke ba ni haushi, ɗalibi ya iya karanta ma'aunin awo amma bai taɓa kwance kafireta ba, yaron bakanike kuma yana kwance goma a rana amma da ido yake awo.

Tsohuwar kafiretar Kawu tana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonsa. A hutun da ya wuce na ce, "Kawu, ka ba ni ita in kai wa wani abokina ɗan kwalejin ya auna." Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini jet ɗin kawai a ƙulle cikin leda, ya ce allurar sai ya ga abin da muka yi da wannan tukuna.