Ko ka sani? Tsadar sandar sunuka tana mariƙi, aikinta yana baki

A watan Mayun 1997, a zauren Crucible da ke Sheffield a Ingila, Ken Doherty ɗan ƙasar Ireland ya doke Stephen Hendry da ci 18 da 12, ya zama zakaran sunuka na duniya. Sandar da ya yi wannan aiki da ita fam 2 ya saye ta. Tun yana yaro ya gan ta a wani gidan wasa a Dublin, mai ita ya manta bai dawo ba. Aka ce masa fam 5, ya taya 2, aka sallama. Ta Hendry kuwa, wadda ya ci kambun duniya har sau bakwai da ita, fam 40 ce. Ke nan da sandunan fam 42 aka buga wasan ƙarshe na gasar da ta fi kowace girma a wannan fage.

A Amurka kuma akwai masu zuba dubban daloli a kan sanda guda, su kai ta gida su kulle a akwatin gilashi. To, ina kuɗin yake shiga?

Kafin nan, a raba wasanni biyu, sunuka da pul. Teburin da matasa ke zagayewa a bakin titi a garuruwanmu, mai ƙwallaye 15 masu launi da ratsi, muna ce masa sunuka, amma wasan pul ne. Ƙwallon pul irin na Amurka ya fi girma, faɗinsa milimita 57, na sunuka kuwa 52.5, shi ya sa sandunansu suka bambanta. Ta pul tsawonta kamar santimita 147, nauyinta tsakanin giram 510 da 600, bakinta milimita 12 zuwa 13, kuma da katakon mapul ake yin gabanta. Ta sunuka ta fi siririn baki, milimita 9 zuwa 10, yawanci da katakon ash mai jijiya a bayyane.

Da can ba a san sanda irin wannan ba. Turawa na tura ƙwallo ne da wani gora mai faffaɗan kai. In ƙwallo ya maƙale a jikin bangon tebur, kan goran ba ya shiga, sai mutum ya juya shi ya zungura da wutsiyar. A hankali aka lura wutsiyar ta fi kan saiti, aka yar da kan. Sai dai katako tsirara zamewa yake yi a jikin ƙwallo, dole ka doki tsakiya cif ko ka yi asarar bugu. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ya warware matsalar wajen 1807 yana tsare a kurkuku a Paris: ya manna 'yar fata a bakin sandar, ya zagaye ta. Daga ranar ƙwallo ya fara jin magana. Ka doki ƙasansa ya dawo maka, ka doki gefensa ya murɗa. Allin da ake gogawa shi ma ba allin makaranta ba ne. Wanda ake amfani da shi yau ya samo asali daga haɗin da William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a 1897, garin yashi ne da wani dutse mai kaushi, aikinsa ya sa fatar ta kama ƙwallo.

A nan maganar take. Lokacin da fata ke taɓa ƙwallo kamar kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Kafin ka ji girgizar bugun a hannunka, ƙwallo ya riga ya kama hanya, bai san da abin da ke hannunka na baya ba. In ka doki gefe, ƙwallon yakan ɗan kauce wa inda ka saita, ya yi ɗaya ɓangaren. Masu nazarin wannan, irin su David Alciatore, injiniya da ya koyar a Jami'ar Jihar Colorado, sun nuna cewa ta fuskar sanda, yawan kaucewar ya dogara ne ga nauyin gabanta kawai, wajen taƙi ɗaya daga baki. In gaban ba shi da nauyi, sandar ce ke gocewa ta bar ƙwallo ya miƙe. Dalilin ke nan da kamfanin Predator ya fito a shekarun 1990 da sanda mai rami a cikin bakinta, sauran kamfanoni suka bi sahu. Saboda haka fata, da zoben da ke riƙe da ita, da sirantar gaban sandar, su ne masu wasa.

Abu na biyu da mai yin sanda ke sayar maka shi ne haƙuri. Katakon mapul mai tauri daga dazukan arewa maso gabashin Amurka da Kanada yake zuwa, kuma katako ko an sare shi bai mutu ba, yana shan danshi yana fitarwa. Gwani ba ya fere shi a zama ɗaya. Zai ɗora a injin juyi ya ɗan rage, ya rataye shi makonni, ya dawo ya duba. Wanda ya lanƙwashe ya jefar, wanda ya tsaya ya sake ragewa kaɗan, haka har watanni, wani ma shekaru. Masana'antar da ke fitar da dubbai a wata ba ta da wannan lokacin, shi ya sa sandar kasuwa ke zuwa a miƙe sambal, bayan damina ɗaya ta zama baka.

Sai mariƙi, inda kuɗi ke narkewa. Nan ake dasa katakon eboni baƙi ƙirin daga Kamaru da Gabon, wanda ɗan'uwan kanyarmu ne, da kokobolo ja daga Amurka ta Tsakiya, da zoben azurfa, da ɓawon kawa mai ƙyalli, a naɗe wurin kamawa da zaren lilin ko fata. Da har hauren giwa ake sakawa, kafin dokoki su matse cinikinsa. Aiki ne na ƙwarai, kowane ƙwayar ado sai an sassaƙa mata gurbi daidai ita, kuma wanda ya biya don sha'awa bai yi laifi ba. Amma adon kube ba ya ƙara wa wuƙa kaifi.

Labarin George Balabushka ya isa misali. An haife shi a Rasha a 1912, ya zauna a Brooklyn, ya rasu a 1975, kuma sandunan da ya yi duka ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Yau su ne masu tara kaya ke rububi a kai. Amma da yawa daga cikin na farkonsa, sandunan gama-gari ne na kamfanin Brunswick, samfurin Titlist, yake saye ya yanka biyu, ya sa musu mahaɗi, ya daidaita nauyi, ya gyara gaba. Gwanintarsa a saiti take. Sunansa ya ƙara tashi bayan fim ɗin The Color of Money na 1986, inda Paul Newman ya miƙa wa Tom Cruise sanda a matsayin Balabushka. Abin dariyar, wadda aka nuna a fim ɗin ta kamfanin Joss ce aka yi wa kama, kuma 'yan kallo ba su gane ba.

To ga inda mai ƙaramin ƙarfi yake da rabo. Akwai samfurin da Amurkawa ke kira Sneaky Pete. Asalinsa na 'yan damfara ne: sanda ce mai kyau da aka yi ta da kamannin sandar gidan wasa, mahaɗinta katako da katako ba ƙarfe, don kada abokin karawa ya gane gwani ne ya shigo. Yau ita ce mafi arha a wurin masu yin sanda da hannu, saboda ba ado ba naɗi. Amma katakon gabanta daga rumbu ɗaya yake fitowa da na mai tsadar, hannu ɗaya ya fere su. Da 'yan ɗaruruwan daloli sai a yi maka wadda ta dace da kai: dogon mutum ya ce a ƙara tsawo, mai siraran yatsu ya ce a rage kauri, ka zaɓi nauyi, ka zaɓi fata mai tauri ko mai laushi. Wannan dacewar ita ce ainihin ribar sandar da aka yi don mutum, domin hannu sabo yake so. Hendry da kansa, bayan sandarsa ta karye a cikin kayan jirgi a 2003 yana dawowa daga Thailand, ya daɗe bai sami wadda ta zauna masa a hannu kamarta ba, ga shi kuwa yana da kuɗin sayen kowace iri.

Tun daga 2016 sandunan zaren kabon, baƙaƙen nan, suka fara cin kasuwa. Ba sa lanƙwashewa, ba ruwansu da danshi, sai dai gaban kaɗai yakan kai kuɗin cikakkiyar sandar katako. Wani abu kuma da ya kamata Musulmi ya sani: fatar baki mai hawa-hawa, irin wadda Moori na Japan ya shahara da ita, yawanci da fatar alade ake yin ta. Akwai ta saniya da ta ɓauna, sai a tambaya.

In za ka saya, kada ka tsaya ga mirgina ta a tebur, don teburin ma yana iya zama karkatacce. Ɗaga ta zuwa ido kamar mai saita bindiga, ka juya ta a hankali, lanƙwasa ba ta ɓuya. Shafa mahaɗin da farce, in ya maƙale an yi aikin gaggawa. Buga ƙwallo ka saurara, ƙarar kwaram-kwaram na nufin wani abu ya saki a ciki. In ta zama taka, kada ka jingine ta a bango, kada ka bar ta cikin mota da rana, kuma lokacin hunturu ka mayar da ita jakarta, don iskar nan mai tsaga leɓe tana tsaga katako. Fatar baki kuwa ka canza ta da zarar ta baje, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.