Yadda Kibod Ɗin MIDI Ke Sa Wa Kiɗan Waya Rai

Duk wanda ya taɓa haɗa kiɗa a waya ya san matsalar: yatsa na zamewa a kan gilashi, sautin kuma ya fito a sandare, kamar ba mutum ne ya kaɗa ba.

Maganin yana cikin MIDI, fasahar da ta fito tun 1983. MIDI ba ya ɗaukar sauti, umarni kawai yake aikawa. Da an murɗa maɓalli a jikin kibod, sai ya tura saƙon da ake kira CC, mai daraja daga 0 zuwa 127, manhajar ƙirƙirar sauti kuma ta bi nan take. A bisa al'ada, CC1 na girgiza sauti, CC7 na sarrafa ƙarfinsa, CC74 kuwa na buɗe matatarsa ya washe. Mai kiɗa yana murɗawa, manhaja tana naɗa.

Android ta fara karɓar MIDI daga sigar 6.0 a 2015, kuma da kebul ɗin OTG ake jona kibod da waya.

Idan maɓalli ya ƙi aiki, kada a yi gaggawar kai wa mai gyara. A fara duba lambar CC da tashar da kibod ke aikawa ta cikinta, domin tashoshin 16 ne. Sau da yawa kibod lafiyarsa lau, lambobin ne suka saɓa.