Idan Tarakta Ta Ƙi Tashi: Mu Bi Hanyar Mai

Yara, kun san tarakta. Ana ganinta a fadamun Maraɗi, da filayen noman rani na Jiratawa da Ƙonni, tana huɗa ko tana jan amalanke. Da yawa cikin taraktocin ƙasarmu tsofaffi ne. Akwai Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins da silinda 3. Har yanzu waɗansu suna aiki.

Tsohuwar tarakta takan ƙi tashi, ko ta mutu a tsakiyar gona. In haka ta faru bayan ruwan shuka, hasara ce babba, don ƙasa ba ta jiran kowa. Sau da yawa laifin yana kan hanyar mai, kuma direba da kansa yana iya gyarawa.

Yadda injin ke cin mai

Tarakta gazuwal take sha, ba esansi ba. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya ƙago irin wannan inji, ya yi aiki sosai a 1897. Ba shi da buji mai ba da tartsatsi. Piston ne ke matse iska cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai. Sai a fesa mata gazuwal, ya kama wuta da kansa.

Kamin mai ya kai silinda, yana da zango-zango, kamar ruwan garka daga rijiya zuwa fangali:

1. Tanki, da robine a ƙarƙashinsa.
2. Ɗan kofin gilashi, inda ruwa da laka suke kwantawa.
3. Ƙaramin famfo, mai jawo mai daga tanki.
4. Filtir, mai tace datti.
5. Babban famfo, mai auna mai ya tura shi da ƙarfi.
6. Tiyon ƙarfe, da anjekter mai fesawa cikin silinda.

In ruwa bai zo fangali ba, mai garka yakan bi lambatu tun daga bakin rijiya, ya ga inda ya tsaya. Haka ma direba zai yi. Daga tanki ake farawa, ba daga babban famfo ba.

Abin da za a fara dubawa

A leƙa tanki: da mai ko babu? Allurar tsohuwar tarakta tana iya yin ƙarya. A duba robine, ko a buɗe yake. A duba maɓallin kashe inji, wanda ake ja in an gama aiki. In ba a tura shi ciki ba, mai ba zai wuce ba, ko an kwana ana tayarwa.

Murfin tanki yana da ƴar ƙofar shan iska. In ƙura ta toshe ta, tarakta takan yi aiki kaɗan ta mutu. A buɗe murfin. In an ji iska ta ruga ciki, to, ga laifin.

Maƙiyan gazuwal 3 ne: datti, da ruwa, da iska.

Datti

Ƙurar hunturu tana shiga tano da bido in an bar su a buɗe. Tsatsar tsohon tanki ma tana bin mai. Filtir yakan tare su har shi kansa ya toshe. Alamarsa ita ce: inji yana tafiya lafiya in babu kaya, amma da an sa garma a ƙasa sai ya rasa ƙarfi. Magani shi ne a sa sabon filtir da sabuwar robarsa. Ba a wanke filtir na takarda, kuma ba a huda shi don mai ya wuce. Wanda ya huda shi ya aika da yashi cikin babban famfo, kuma gyaran wannan famfo ya fi kuɗin filtir nesa ba kusa ba.

Ruwa

Ruwa ya fi gazuwal nauyi, saboda haka ƙasa yake kwantawa. A dubi kofin gilashi da safe. In akwai ruwa, za a gan shi a gindi, mai yana bisansa. A rufe robine, a cire kofin, a zubar, a goge, a mayar.

Ina ruwan ke fitowa? Wani daga tano yake zuwa. Wani kuwa cikin tankin yake haihuwa: in tanki ya kwana rabi, sanyin dare yakan mai da laimar iskar ciki raɓa. Don haka direba mai hankali da marece yake cika tanki, bayan aiki.

Iska

Ana iya matse iska, amma mai ba ya matsuwa. In iska ta shiga hanya, babban famfo sai ya yi ta matse ta, anjekter ba ya buɗewa. Iska takan shiga in mai ya ƙare ƙaf, ko an canza filtir, ko tiyo ya tsage. Ga yadda ake fid da ita:

A zuba mai, a buɗe robine. A bisa filtir akwai ƴar ƙusa mai murɗi, makanikai suna ce mata bis. A sassauta ta. A jikin ƙaramin famfo akwai ɗan hannu. A yi ta danna shi. Da fari mai zai fito da kumfa. A ci gaba har ya fito garau, sannan a ɗaure bis. In hannun ya yi sako-sako, ba ya jan kome, a juya inji kaɗan a sake.

A yi haka kuma a jikin babban famfo. In bis 2 ne, a fara da ta ƙasa. Daga nan a sassauta notin tiyon ƙarfe a bakin anjekter, a tayar da inji har mai ya tsarto, a ɗaure. Kada a matsa ma bateri: a tayar kaɗan, a huta, a sake.

Hayaƙi ma yana magana

Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. A fara duba filtir na iska. Farin hayaƙi: mai bai ƙone ba, ko da ruwa a ciki. Shuɗin hayaƙi: injin yana ƙone baƙin mai, wannan aikin gareji ne. In kuwa ana tayarwa babu hayaƙi ko kaɗan, mai bai iso silinda ba.

In inji yana ɗingishi, makaniki yakan sassauta notin anjekter ɗaya bayan ɗaya, inji yana tafiya. Wanda aka sassauta muryar inji ta sake, wannan silinda tana aiki. Wanda aka sassauta babu abin da ya sake, can ne ciwon yake.

Hattara!

Man da ke fita daga anjekter yana da ƙarfin huda fata. Kada a sa hannu a gabansa. Wanda ya huda, a kai shi likita nan da nan, ko da raunin ƙarami ne. Kada a kusanto da wuta ko taba. Kada a kwance babban famfo ko anjekter a gona. Waɗannan sai gwani mai kayan awo, a wuri marar ƙura.

Rigakafi ya fi magani. A rufe tano, a bar shi ya kwana kamin a ɗiba, kada a ɗebi na gindi, a tace mai da ƙyalle mai tsabta marar gashi.

Tambayoyi

1. Ku faɗi zangon mai daga tanki zuwa silinda.
2. Don mi ake cika tanki da marece?
3. Tarakta tana rasa ƙarfi in an sa garma. Mi za ku fara dubawa?
4. Ku zana hanyar mai cikin littafinku, ku rubuta sunan kowane wuri.