Karatu Da Zaman Yara A Makarantun Kuɗi Na GRA Ta Bauci

Mutanen Arewa da yawa da ke neman abinci a Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal suna da damuwa guda wadda ba ta barinsu su sake, watau inda 'ya'yansu za su yi karatun sakandare. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko unguwar Sabo ta Badun yakan tashi da Yarbanci da Turancin buroka a bakinsa, Hausarsa kuwa sai ta gaisuwa. Wannan shi ya sa magidanta da dama sukan ɗaure su mai da yaro gida, su sa shi makarantar kwana. 'Yan Jihar Bauci kuma galibi sukan fara duba makarantun kuɗi na babban birnin jihar, musamman na wajen GRA, ko da yake tafiyar ta fi kilomita 1,000 daga Ikko.

Ita GRA unguwa ce da Turawan mulki suka keɓe wa ma'aikatansu a bayan ganuwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Bauci ran 3 ga Fabrairu, 1976, sai garin ya cika da ma'aikata, unguwar ta faɗaɗa har aka sami tsohuwar GRA da sabuwa. Filayenta manya ne, ga itatuwa, ga ƙarancin hayaniya, shi ya sa masu buɗe makarantu suke sonta. Wasu makarantun ma a gidajen zama suka fara, daga baya aka yi ta ƙara azuzuwa a cikin harabar.

Karatun kwana ba baƙon abu ba ne a Bauci. Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1933, Midil ta Bauci ya koma ya koyar har ya zama hedimasta, Malam Aminu Kano ma ya koyar a can a shekarun 1940. A 1973 gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejinta ta 'yan mata a garin. Amma duk waɗannan na hukuma ne. Makarantun kuɗi sun yawaita ne bayan shirin UPE na 1976 ya kawo yara maƙil cikin makarantun gwamnati, kuɗin mai kuma ya ja baya a shekarun 1980, aji ya cika, kayan aiki suka yi ƙaranci. Daga nan ƙungiyoyin addini da 'yan kasuwa da tsofaffin malamai suka shiga harkar. A cikin garin Bauci akwai irinsu makarantar FOMWAN ta ƙungiyar mata Musulmi, da Immaculate Conception ta cocin Katolika, da Dolphin Maria College, da wasu masu yawa.

Yawancin irin waɗannan makarantu da ke da ɗakin kwana suna haɗa ɗalibai iri biyu: 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo. Aji ɗaya suke zama, malami ɗaya ke koya musu, amma rayuwarsu ta sha bamban. Ɗan kwana tun da asuba ake kaɗa masa ƙararrawa. Ya yi salla ko addu'ar safe, ya share inda aka yanka masa, ya yi wanka, ya sha koko ko shayi, sannan ya tafi taron safe. A lokacin ne motocin makaranta da Keke Napep suke sauke 'yan gari a bakin ƙofa. Ana shiga aji wajen ƙarfe 8, a yi hutun tara, a ci gaba har bayan azahar. Da an tashi sai 'yan gari su kama hanyar gida, 'yan kwana kuwa su ci abincin rana, su ɗan kishingiɗa, da la'asar a fita ƙwallo ko a zauna karatun Alƙur'ani. Bayan isha'i akwai firef, watau karatun dare a aji ƙarƙashin idon malami, kafin a kashe fitila. Ran Asabar wanki da duba tsabtar ɗaki.

Wannan karatun dare shi ne babbar ribar ɗan kwana. Ɗan gari yana komawa gida ga aike, ga talabijin, ga wayar hannu, wani lokaci ga rashin wuta. Amma fa shi ma ɗan gari yana da tasa ribar: yana cin tuwon gidansu, uwarsa tana ganinsa kullum, in jikinsa ya yi zafi a daren nan za a sani. Ɗan kwana sai ranar ziyara yake ganin nasa. A ranar za ka ga iyaye da kulolin abinci, da masar Bauci da miyarta, an baje tabarmi a gindin itace. Yaron da iyayensa ke Kurmi kuwa, in ba a wakilta masa wani ɗan'uwa a gari ba, sai dai ya zauna yana kallon na wasu. Wannan abu yana taɓa zuciyar yaro ƙwarai, ya kamata uba ya yi shirinsa tun kafin ya biya kuɗin makaranta.

Wajen karatu, makarantar kuɗi ba ta da manhaja tata dabam, tsarin ƙasa take bi: shekara uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. A ƙarshen aji uku akwai jarrabawar BECE, daga nan a raba yara, wasu kimiyya, wasu adabi, wasu kasuwanci. A aji shida sai WAEC, wadda aka kafa hukumarta a 1952, da NECO da ta fara jarrabawarta a 2000. Makarantun da suka ƙarfafa Larabci sukan ƙara da ta NBAIS. Mai son shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar, Turanci a ciki, ɗan kimiyya kuma har da lissafi, sannan ya ci jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake yinta. Saboda haka makarantar da ke da ɗakin kwamfuta na ado kawai, yara ba su taɓa ta, ta cuci ɗalibanta. Haka nan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, domin WAEC tana jarraba aikin hannu a fizik da kemistiri da bayoloji. Yaron da ke burin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauci, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ta wannan ƙofa zai bi.

Sai maganar kuɗi. Abin da aka rubuta a takardar shiga ba shi ke nan ba. Akwai kuɗin kwana da abinci, da yunifom, da littattafai, da kuɗin jarrabawa, da guzuri irin su garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da sabulu, ga gidan sauro da tocila. Mazaunin Kurmi kuma sai ya ƙara kuɗin mota zuwa da dawowa sau uku a shekara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 abinci da sufuri suka yi tsada, makarantu ma suka ƙara nasu. Cire yaro a tsakiyar karatu don kuɗi sun gaza ya fi yi masa illa a kan a sa shi tun farko a inda aljihu zai iya ɗauka har shekara shida.

Babban abin da ke hana iyaye barci dai shi ne tsaro. Tun da aka sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka zo Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, makarantar kwana ta zama abin fargaba. Makarantun kuɗi ma ba su tsira ba, domin Bethel Baptist da ke Jihar Kaduna, wadda aka kai wa hari a 2021, ba ta gwamnati ba ce. A watan Nuwamba na 2025, bayan hare-haren Maga a Jihar Kebbi da Papiri a Jihar Neja, gwamnatin Bauci ta ba da umurnin a rufe makarantu, na gwamnati da na kuɗi, na wani lokaci. A farkon shekarar 2025 kuma an ba da hutun kusan mako biyar saboda azumi. Makarantar da ke tsakiyar gari kamar ta GRA ta fi ta bakin daji kwanciyar hankali, amma darasin da aka koya shi ne ana iya sallamar yara bagatatan. Uban da ke Ikko ba zai iso Bauci cikin sa'a biyu ba. Lalle ne ya kasance yana da amintaccen mutum a gari, wanda makaranta ta san fuskarsa, aka kuma rubuta sunansa a littafinta.

Masu magana sun ce gani ya kori ji. Kada uba ya dogara da hoton da aka turo masa a waya ko da kyan fentin ƙofa. Ya je da ƙafarsa, ko ya aika wanda ya yarda da shi. A tambayi takardar amincewar Ma'aikatar Ilmi ta jiha, a kuma tabbata makarantar tana da lambar cibiyar WAEC da NECO tata, don kada a kwashi yara zuwa wata makaranta ran jarrabawa. A shiga ɗakin kwana a ƙirga gadaje da tagogi, domin zafin Maris da Afrilu a Bauci ba wasa ba ne, cunkoso kuma shi ke yaɗa sanƙarau. A duba rijiyar burtsatse da makewayi da ɗakin girki. A tambaya ko akwai nas da ke kwana a harabar, da kuma asibitin da ake kai yaro in ciwo ya tsananta. A ji yadda ake hana manyan ɗalibai cin zalin ƙanana, da wadda ke kula da ɗakin 'yan mata da dare. A kuma bincika ko malamai suna daɗewa, gama makarantar da ke canza malamin lissafi kowane zango alama ce albashi ba ya isa ko ba ya zuwa a kan kari.

Daga ƙarshe a tambayi yaron kansa. Wani yaro yana da shekara 11 ya isa zaman kwana, wani kuwa gara ya fara da jeka-ka-dawo daga gidan kawunsa ko gwaggonsa, in ya saba da gari da mutane sannan ya koma kwana. Makaranta tana iya koya masa lissafi da tsabta da tashin asuba, amma ba ta ɗauke wa iyaye nauyin bugo waya, da duba sakamakon kowane zango, da zuwa ganinsa ko sau ɗaya ne a shekara. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su a inda duk suke.